Yaro mai son fim a Yawuri: wa zai riƙe masa hannu?

Da wuya a shiga makarantar sakandare a Yelwan Yawuri, ko Wara, ko Shanga, a rasa yaron nan guda da kowa ya sani. Shi ne wanda da zarar malami ya fita aji zai miƙe ya kwaikwayi tafiyarsa da muryarsa, har 'yan aji su riƙe ciki don dariya. Akwai kuma yarinyar da ta haddace maganganun Labarina kaf, in ta fara yi sai ka rantse Aminu Saira ne ya tsaya a kanta yana ba ta umarni. Ranar bikin raba kyaututtuka su ake nema su hau dandamali, a yi ta yi masu tafi. To amma tafin nan a makaranta yake tsayawa. Da an koma gida, labari ya sha bamban.

"Baba, ina so in shiga ƙungiyar dirama."

"Dirama? A gidan nan? Kai, fita idona in rufe!"

Yawanci a nan maganar ke mutuwa. Daga nan ɗayan biyu ne. Ko dai yaron ya haƙura, ya binne baiwar da Allah ya ba shi, ko kuma ya ci gaba da abinsa a ɓoye. Na biyun nan shi ne abin tsoro. Mai yi a ɓoye shi ne wata rana zai tara 'yan kuɗinsa, ya nufi tasha da asuba ba sallama, ba abin da ya riƙe sai lambar wayar wani da ya ce masa shi furodusa ne a Kano. In mace ce kuwa, sai dai a ce Allah ya kyauta.

Kafin matasa su fara ganin laifin iyaye, ya kamata a yi masu adalci. Tsoronsu yana da dalili. Duk wanda ya yi wayo a 2007 bai manta da guguwar da ta taso wa industiri ba, lokacin da hoton bidiyon wata 'yar wasa ya bazu a wayoyi, aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na tsawon watanni, Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim ta ƙara tsaurara dokoki. Tun daga lokacin, dattawa da yawa in an ce "ɗan fim" sai su tsuke fuska. Ga kuma nisa. Daga Yawuri zuwa Kano tafiyar yini guda ce, ko ta Kontagora aka bi, ko ta Koko da Jega, kuma kowa ya san halin da hanyoyi suka shiga a 'yan shekarun nan. Mutanen Ngaski ba labari aka ba su ba: a ranar 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka shiga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashe ɗalibai, wasu 'yan matan ba su dawo gida ba sai a 2023. Uban da ya ga wannan da idonsa, in ya ce ba ya son 'yarsa ta yi nisa da shi, wa zai ce ya yi laifi?

Sai dai fa hanawa da bulala ba ta kashe sha'awa. Ɓoye ta kawai take sa a yi. Kuma abin mamaki, ƙasar Yawuri ba baƙuwar wasa da kiɗa ba ce. Duk mai sauraren waƙoƙin fada ya san sunan Alhaji Sani Aliyu Ɗandawo, wanda ba a ambatonsa ba a haɗa da Yawuri ba. Ɗan makaɗa Aliyu Ɗandawo ne, a gida ya buɗe ido ya ga sana'ar, ya ɗauke ta ya kai ta fadojin sarakunan Arewa. Haka nan bikin Rigata, inda Gungawa ke tseren jiragen ruwa da iyo da kaɗe-kaɗe da raye-raye a gaban Mai Martaba Sarkin Yawuri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, da manyan baƙi. Samarin da ke tuƙin nan ai ba daga sama suka faɗo ba. Iyayensu ne suka koya masu. Kuma babu masuncin da ke jefa ɗansa tsakiyar tafkin Kainji ranar farko. Daga bakin gaɓa ake farawa, uban yana tsaye a cikin ruwan, har yaro ya iya.

Irin wannan tsayuwar ce Hajiya Zainab Booth ta yi wa 'yarta. Masu kallon finafinan Hausa sun san marigayiyar a matsayin uwa a fim, amma babban aikinta a gida ta yi shi. An haifi Maryam Booth a Kano a 1993, ta kuma fara fitowa a fim tana 'yar shekara takwas. Yarinya ƙarama a lokeshin, cikin manya, ga daraktoci ga masu kyamara ga 'yan kallo. Abin da ya bambanta ta da sauran yara shi ne mahaifiyarta 'yar gida ce a harkar. Ta san kowa, kowa ya san ta, duk wanda zai yi magana da yarinyar ya san 'yar wace ce. Maryam ta yi suna da Dijangala, ta kuma haɗa fim da karatu. A 2020 ta ci kyautar AMAA ta gwarzuwar mataimakiyar jaruma a Afirka saboda rawar da ta taka a The Milkmaid, fim ɗin da Nijeriya ta miƙa a gasar Oscar. Allah ya nufa Hajiya Zainab ta ga wannan rana da idonta kafin ta rasu a ranar 1 ga Yuli, 2021. Allah ya jiƙanta. Ɗanta Amude shi ma ya bi sahu.

Sai kuma Sarki Ali Nuhu. Matasa da yawa suna ganin tambarin FKD a farkon fim ba su san ma'anarsa ba. Haruffan farko ne na sunan mahaifiyarsa, Fatima Karderam Digema. Mutum ba ya liƙa sunan uwarsa a kan sana'ar da yake jin kunyarta. Abin lura a tarihin Ali shi ne, sai da ya yi digiri a fannin labarin ƙasa a Jami'ar Jos, sannan ya shiga fim gadan-gadan a 1999, Sangaya ya ɗaga shi sama. A Janairun 2024 aka naɗa shi shugaban Hukumar Shirya Finafinai ta Nijeriya. Da ba karatun nan, anya kujerar za ta zo? Da ya zama uba, shi ma ya riƙo hannun 'ya'yansa, Fatima da Ahmad, suka fito a finafinai tun suna ƙanana. Da Ahmad ya girma hankalinsa ya karkata ga ƙwallon ƙafa, uban bai ce dole sai ya gaje shi ba, ya mara masa baya a can. Wannan ma darasi ne: goyon baya ya haɗa da barin yaro ya sauya ra'ayi.

Mai karatu zai ce, to ai waɗannan 'ya'yan 'yan fim ne, a cikin Kano suke. Manomin shinkafa a Shanga fa, ko mai sayar da busasshen kifi a kasuwar Wara, wa ya sani a Zoo Road? Gaskiya ne. Shi ya sa ma ɗansa ya fi ɗan Ali Nuhu bukatar tsayuwar uba. Ɗan Kano in ya yi tuntuɓe, gida na kusa. Ɗan Ngaski in ya faɗi a Kano, wa zai ɗaga shi?

Abu na farko da uba zai iya yi bai kai kuɗin goro ba: ya je ya kalla. Ranar da makaranta ta shirya wasa, ko Islamiyya za ta yi 'yar dirama a walimar saukar karatu, ya samu wuri ya zauna ya ga abin da ɗansa ke yi. Iyaye da yawa suna hana abin da ba su taɓa gani ba. Wanda ya zauna ya kalla zai gane ko baiwa ce ta gaske ko zumuɗin ƙuruciya ne, zai kuma san su wa yaron ke hulɗa da su. Shi kuwa yaron da ya hango mahaifinsa a cikin 'yan kallo, wallahi ba zai yarda ya yi abin kunya a dandamalin ba.

Kada kuma a raina dandamalin gida. Ita kanta industirin daga wasan daɓe ta taso. 'Yan ƙungiyar Tumbin Giwa sun daɗe suna dirama a Kano kafin su fitar da Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake lissafa shi a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa. Marigayi Rabilu Musa Ibro daga ƙauyen Ɗanlasan ya fito, har aikin gandiroba ya yi, amma kafin rasuwarsa a Disambar 2014 babu lungun ƙasar Hausa da ba a san shi ba. Wanda ya goge a ƙungiyar diramar makaranta ko ta unguwa, ya saba da haddar magana da tsayuwa gaban jama'a, in ya je gaban darakta ba zai daburce ba. Wanda kuwa bai taɓa hawa dandamali ba, sai dai hoto a waya, ko ya je Kano zaman benci zai yi.

Sai karatu. Yanzu wasan kwaikwayo fanni ne da ake yin digiri a kansa. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da sashensa, haka ma Jami'ar Bayero da ke Kano, sannan ga Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa a Jos, inda ake koyon ɗaukar hoto da tace fim da ba da umarni. Duk ba a shiga sai da sakamako mai kyau. Saboda haka uba yana da abin ciniki a hannunsa: "Ka kawo mini kiredit ɗinka, ni kuma in tsaya maka." Ga shi harkar ba fitowa a allo ce kaɗai ba. Akwai marubucin labari, akwai edita, akwai mai sauti, akwai mai kwalliya, kuma da yawansu sun fi wasu jaruman daɗewa suna cin abinci a industiri.

In ta kai ga zuwa Kano ko Kaduna, a nan ake gane uban da ya tsaya. Kada a ba yaro kuɗin mota a ce Allah ya tsare. A raka shi. In Baba ba zai samu zuwa ba, Kawu ya je, in mace ce Gwaggo ko Yaya ta bi ta. A ga ofishin kamfanin da ido, a tambayi ko yana da rajista, a je wurin shugabannin ƙungiyar MOPPAN a ji ko sun san mutumin. Su kansu shugabannin 'yan fim sun sha nanata cewa ba sa son karɓar sabuwar 'yar wasa ba da amincewar iyayenta ba. A san inda yarinya za ta sauka da wanda za ta zauna a hannunsa. Duk wanda ya ce a turo masa kuɗi zai sa yaro a fim, ko ya ce yarinya ta zo ita kaɗai kada ta faɗa a gida, to an gama gane shi. Furodusan kirki murna yake yi in ya ga uba ya shigo ofishinsa, domin shi ma ya huta da zargi.

Haka batun waya. Yau yaro yana zaune a Shanga zai ɗauki 'yar diramarsa ya ɗora a YouTube ko TikTok, a kalla a Kano da Yamai. Dama ce da Ibro bai samu ba a farkonsa. Amma abin da aka ɗora ya ɗoru, ba ya gogewa, kuma wata rana surukai za su gani. Uwar da ke cewa "nuna mini kafin ka saka" ta yi wa ɗanta gata.

Su ma matasa akwai nasu aikin. Wanda ke faɗuwa jarrabawa, yana kwana gidan kallo, sallah sai an yi da gaske, da wane baki zai ce a yarda da shi? Iyaye hali suke dubawa kafin su saurari buri. In Baba mai zafi ne, a bi ta wajen Inna, ko a samu malamin da ke kula da ƙungiyar dirama ya zo gida ya yi bayani da bakinsa. In an ce a dakata sai an gama sakandare, a dakata, fim ba guduwa zai yi ba. Amma gudu daga gida, a'a. Duk ɗaukakar da aka samu ba da albarkar iyaye ba, ba ta da daɗin ci, kuma a tambayi manyan jarumai a ji.

Jihar Kebbi tana da labarai da wuraren da kyamara ba ta gama gani ba: tsibiran Gungawa, kasuwannin bakin ruwa, da tarihin dubban mutanen da aka tayar daga garuruwansu lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968. Babu wanda zai ba da labarin nan yadda ya kamata sai ɗan wurin. Mai yiwuwa yanzu haka yana aji uku a wata makaranta a Yelwa, yana kwaikwayon malaminsa, yana tunanin yadda zai tunkari Baba da maganar. Allah ya sa in ya yi, a saurare shi. Allah ya shirya zuri'a, ya ba iyaye ikon tsaya masu, amin.