Akurkin Kaji A Kudu: Ado Ko Amfani?

Jama'a, 'yan'uwanmu da yawa mazauna Agege da Sabo ta Ibadan da Fatakwal sun kama kiwon kaji a bayan gida, don samun ƙwai da kuɗin cefane. Madalla da wannan himma. To, amma wajen ginin akurki mun kasu biyu. Wani ya ƙarar da kuɗinsa a fenti da ƙofar gilashi, wani kuma ya harhaɗa tsohon kwano da buhuna, abin ba kyan gani. A ganina duka biyun sun kauce hanya.

Da farko mu tuna nan ba gida ba ne. Ruwan saman da ake yi a Ikko ya kusa ninka na Kano, na Fatakwal kuwa ya fi haka. Akurkin laka irin na ƙauyukanmu ba ya jure wannan damina, kuma laima da rashin iska su ne ke kawo wa kaji ciwo. Idan kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.

Saboda haka a ɗaga akurki sama da ƙasa kamar ƙafa 2, bisa ƙafafun katako ko gora. A kewaye shi da wayar raga mai ƙananan idanu, iska ta ratsa, ɓera da maciji su rasa hanya. Rufi ya zarce bango don feshin ruwa, a ɗora masa ganyen kwakwa saboda zafin kwano. Kada a cusa kaji fiye da 4 a murabba'in mita guda. A kuma yi musu rigakafin fakat, wanda cibiyar Vom ta Jihar Filato take sarrafawa. Ba mu manta da murar tsuntsaye ta 2006 ba.

Amma kada wani ya ce kyan gani ba komai ba ne. Yawancinmu 'yan haya ne. Akurki mai wari da ƙudaje shi ne ke jawo ƙorafin maƙwabta, da zuwan duba-gari, har mai gida ya ba da notis. Daga nan kuma sai a shafa wa dukan 'yan Arewa baƙin jini, a hana na baya ɗaki.

Adon akurki dai shi ne tsabta: katako a miƙe, shara kullum, kashin kaji a kai wa masu lambu. Fenti ya jira sai kaji sun fara ƙwai.

Allah ya sa albarka a kiwo, amin.