Kufan Maya: baƙo ya wuni a Chichen Itza, kuɗinsa ya kwana a bakin teku

Tun da sanyin safiya manyan motocin safa ke jeruwa a ƙofar otal-otal na Kankun, birnin shaƙatawa da ke gaɓar tekun Karebiyan a ƙasar Meziko. Sukan kwashi baƙi su nausa yamma, tafiyar kusan kilomita 200, zuwa Chichen Itza, kufan birnin da al'ummar Maya suka gina fiye da shekara dubu da suka shuɗe. Kafin dare ya yi nisa motocin sun mayar da kowa masaukinsa. Fiye da mutum miliyan biyu ne ke shiga wurin a kowace shekara, kuma kaso mai yawa daga cikinsu ta wannan ziyara ta wuni guda suke zuwa. A cikin rahoton ofis, wannan adadi nasara ce. Sai dai tsarin yana da babban aibi: yana kai baƙo ƙofar gidan mutanen Maya da rana, ya mayar da shi da aljihunsa bakin teku da dare.

Kankun kansa ɗan gwamnati ne. A farkon shekarun 1970 hukumomin tarayya suka zaɓi wani siririn tsibiri mai yashi, wanda mazaunansa ba su taka kara sun karya ba, suka shimfiɗa tituna, suka gina filin jirgin sama, suka gayyato masu otal. Lissafin shi ne a samo kuɗin waje, kuma an samo. To amma tun daga tushe an tsara harkar ne ta yadda gado da abinci da nishaɗi duk suna bakin teku, kufayin cikin daji kuwa suka zama abin da ake leƙawa a dawo.

Duba yadda wunin ke tafiya ya isa hujja. Baƙo yakan biya kuɗinsa dunƙule tun a otal ko ta intanet, ga kamfanin da ofishinsa ke Kankun ko Playa del Carmen. Tafiyar gaba ɗaya takan ci kusan awa goma sha biyu, kusan biyar daga ciki a kan hanya. Akan tsaya a kantin kayan tsaraba wanda sau da yawa akwai la'ada tsakaninsa da kamfanin, a ci abinci a inda kamfanin ya zaɓa, a yi iyo a ɗaya daga cikin rijiyoyin nan na halitta da ake kira senote, a ɗan taka ƙafa a dandalin garin Valladolid. Abin da ya rage wa kufan da aka zo dominsa bai cika wuce awa biyu ba, shi ma da tsakar rana, lokacin da zafi da cunkoso suka fi tsanani.

Awa biyu sun yi kaɗan ga wurin da UNESCO ta sanya cikin jerin kayan tarihin duniya tun 1988. Dalar Kukulkan da ke tsakiyar birnin tana da matakala huɗu, kowace mai hawa 91. Idan aka haɗa da dandamalin sama sai lissafin ya cika 365, daidai kwanakin shekara. A watannin Maris da Satumba, lokacin da tsawon dare da na rana ke daidaita, inuwa kan sauko ta gefen matakalar arewa kamar maciji yana tafiya. Filin wasan ƙwallo na wurin ya kai tsawon mita 168. Mutanen da suka yi wannan aiki suna da rubutunsu, da kalandarsu, da sifili a lissafinsu. Ɗan jagoran da agogo ke kora, da mutum arba'in a bayansa, ba zai iya fiye da nuna inda hoto ya fi kyau da tafa hannu a ji amsa-kuwwa ba. Baƙo ya koma gida yana zaton Maya al'umma ce da ta shuɗe, alhali fiye da mutum 700,000 ne ke magana da harshen Maya na Yukatan a yau, kuma daga cikinsu akwai matar da ya wuce tana tallar riga mai ado a bakin hanya.

Kwasar arzikin wurin zuwa wani wuri ba yau ta fara ba. A 1894 wani jami'in jakadancin Amurka, Edward Thompson, ya sayi gandun da kufan ke ciki. Daga 1904 ya shiga yashe rijiyar da mutanen Maya ke jefa hadaya a cikinta, ya aika da zinariya da duwatsu masu daraja zuwa gidan tarihi na Peabody da ke jami'ar Harvard. Gine-ginen sun kasance na ƙasa a ƙarƙashin hukumar kula da kayan tarihi ta tarayya, INAH, wadda aka kafa a 1939, amma filin da suke kai ya ci gaba da zama a hannun wani iyali har 2010, lokacin da gwamnatin jihar Yukatan ta saye shi. A yau baƙo yana biyan kuɗin shiga kashi biyu, ɗaya na tarayya, ɗaya na jiha. Ƙauyukan da ke kewaye, irin su Piste, ba su da tikiti na uku. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Abin da ya rage musu shi ne talla. Shi ya sa ɗaruruwan masu sayar da sassaƙe-sassaƙe da tufafi suka cika hanyoyin cikin kufan, baƙi na ƙorafi, jami'ai na neman korar su. Ruwa ba ya tsami banza. A watan Janairun 2023 mutanen Piste da maƙwabtansu suka tare hanyoyin shiga Chichen Itza na tsawon kwanaki, suna neman a sauya shugaban wurin, a kuma daina takura wa masu talla da 'yan jagora na gida. Motocin safa suka juya. A 'yan kwanakin nan kowa ya gane cewa harkar da ke juya miliyoyi ta rataya ne a kan haƙurin mutanen da ba a zauna da su ba.

Masu kare ziyarar wuni guda suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Suna cewa in ba don otal-otal na gaɓar teku ba, da kaɗan ne za su san hanyar Chichen Itza. Cewa ma'aikacin da hutunsa mako guda ne ba shi da halin kwana uku a daji. Cewa dubban 'ya'yan ƙauyukan Maya suna aiki a otal-otal ɗin suna aika kuɗi gida. Kuma kuɗin tikiti yana taimakawa wajen adana gine-ginen. Duk gaskiya ne. Amma abin da hujjojin suka tabbatar shi ne kada a soke ziyarar. Ba su wanke rabon da ake yi ba. Saurayin da ya bar gindin dalar kakanninsa ya tafi tafiyar kilomita 200 don gyara gadon mutumin da gobe za a kawo ya ga dalar, shaida ne a kan tsarin.

Gyaran kuwa yana cikin ikon hukuma. A ware wa ƙaramar hukumar Tinum, wadda kufan ke cikinta, kaso sananne daga kuɗin shiga, a rubuta shi a doka, a riƙa wallafa abin da aka tara da inda aka kashe. A ƙayyade adadin masu shiga a kowane sa'i, domin safiya da yamma su yi daraja, wanda ya kwana a Piste ko Valladolid ya samu fifiko. A sauƙaƙa wa masu jin harshen Maya samun lasisin jagora. A gina wa masu talla kasuwa a inda baƙi ke wucewa ta tilas, da yardarsu. Misali na nan kusa: a ƙauyen Yokdzonot, ƙungiyar haɗin gwiwa ta mazauna, galibinsu mata, ita ke tafiyar da rijiyar garinsu, kuɗin kuma a garin yake zama.

Jirgin ƙasan Tren Maya, wanda shugaba Lopez Obrador ya ƙaddamar a Disambar 2023, yana da tasha a Chichen Itza. Zai iya kai baƙi su kwana a garuruwan ciki, zai kuma iya zama hanya mafi sauri ta mayar da su bakin teku kafin magariba. Dokoki da tsarin tikiti ne za su yanke wannan hukunci. Jami'in da ke rubuta rahoton ƙarshen shekara yana da zaɓi a kan adadin da zai sa a shafin farko: mutum nawa suka wuce ta ƙofa, ko kuwa mutum nawa suka kwana a Piste, kuma nawa ya shiga baitulmalin Tinum.