WAI SAI YAUSHE ZA MU DAINA SAUƘAƘA WA ƁARAYIN IKKO AIKI?

Yau da ɓacin rai na zauna rubutu, kuma na san wasu daga cikin iyayenmu na kasuwa ba za su ji daɗin abin da zan faɗa ba. Ina neman afuwarsu tun yanzu, amma sai na faɗa.

Makon jiya aka aiki ɗan ƙanin babana, wanda ko wata huɗu bai yi da zuwa daga gida ba, ya kai kuɗin albasa daga Mile 12 zuwa Agege. Naira dubu 700 aka ƙunsa masa a leda ya cusa cikin wando, ana idar da sallar asuba ya fita. Da ya iso Ketu bai shiga tasha ba, ya tsaya bakin titi. Sai ga danfo, kwandasta yana ta ihun saura mutum ɗaya, kuɗin mota kuma bai kai na tasha ba. Ya leƙa ya ga har da mata biyu a ciki, hankalinsa ya kwanta, ya faɗa. Sauran labarin duk wanda ya daɗe a garin nan ya san shi. Duk fasinjojin nan bakinsu ɗaya da direba. Suka danne shi, suka karɓe ledar, suka karɓe waya, suka sa shi ya faɗi lambar sirrinsa suka kwashe ɗan abin da ke asusunsa, sannan suka turo shi ƙasa mota tana tafiya. Ya dawo gwiwa da kafaɗa duk a saɓule.

Wannan shi ne wan-cans, kuma tun ina firamare nake jin labarinsa. Saboda haka satar ba ta ba ni mamaki ba. Abin da ya ƙona min rai shi ne abin da ya biyo baya. Jama'a suka taru a rumfa, kowa na cewa ƙaddara ce, Allah Ya mayar da alheri. Amin. Amma har azahar babu wanda ya ce a rufe layin wayar, babu wanda ya ce a kira banki, balle a je wajen 'yan sanda. Kuma babu wanda ya tambayi me ya sa aka ɗora wa baƙon yaro irin wannan kuɗi da duhun asuba, alhali wanda za a kai wa yana da asusu, wanda ya aika yana da asusu. Har da Baba a cikin masu shirun nan, Allah Ya ƙara masa lafiya, kuma na faɗa masa haka a gida cikin ladabi.

Jama'a, mu gaya wa kanmu gaskiya. Ɓarawon Ikko ya karance mu tsaf. Ya san ranar da motocin tumatir da albasa suke sauka, ya san lokacin da ake tashi daga Kara da mayankar Oko-Oba, ya san Bahaushe ba ya yarda ciniki ya faɗa sai ya ji dumin takarda a aljihunsa. Mu ne za ka gani a tsakiyar tasha mutum ya zaro damin kuɗi yana tofa yawu a yatsa don zai biya naira 500. Mu ne za ka ji a cikin danfo mutum ya ɗaga murya a waya yana cewa “Alhaji na karɓo, miliyan ɗaya da rabi ne, ga ni nan tafe,” wai shi a tunaninsa ba mai jin Hausa a motar. Haba malam! Bayeraben da aka haifa a Agege ko Idi-Araba wani ya fi ka iya karin magana. Kuma wa ya ce maka duk masu ba ɓarayi rahoto baƙi ne? Wani lokacin wanda kuke cin tuwo kwano ɗaya ne.

A farkon shekarar 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta yi wuya, dattawan da suka rantse ba za su taɓa yarda da tiransifa ba duk sun koya cikin mako biyu, har mai shayi da mai goro. Ashe dai ana iyawa. Kuɗi na dawowa hannu sai muka koma gidan jiya. Na san wayar ma tana da nata haɗarin, ga shi ya faru da ɗan uwana, amma maganin wannan sananne ne: kuɗin kasuwa ya zauna a asusun da ba ya kan wayar da kake yawo da ita, kuma ka haddace lambar da bankinka ya ware ta rufe asusu, wadda za ka iya dannawa ko da wayar wani ce.

Sai maganar laya. Akwai abokina da yake ɗaure da guru a ƙugu, wai duk wanda ya sa hannu a aljihunsa hannun zai maƙale. Sau biyu ana yanke masa aljihu a Oshodi, har yau ban ga hannun kowa a maƙale ba. Ni ba malami ba ne, iyakata sakandare da makarantar allo, amma ko a can an karantar da mu hadisin ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Shiga mota a tasha, ko BRT da ta fara aiki tun 2008 daga nan Mile 12 ɗin, ɗaure raƙumi ne. Ɗaga gilashi da ɓoye waya a cikin gosulo ɗaure raƙumi ne. Ƙin hawa gadar ƙafa kai kaɗai bayan isha'i shi ma haka.

Za a ce min, to ai zuwa wajen 'yan sanda ƙarin asara ne. Ban musa ba. Na taɓa raka wani, sai da muka sayi takarda da biro, aka kuma yi ta kiransa aboki kamar ba shi da suna. Amma wannan yana faruwa ne don muna zuwa ɗai-ɗai, ba Turanci ba Yarbanci, kamar marayu. Ina amfanin shugabannin kasuwa da Sarakunan Hausawa da muke da su kusan kowace unguwa? Kullum ana karɓar kuɗin ƙungiya. Me zai hana a ware samari biyu masu ilimi, aikinsu kawai raka wanda aka cuta, a rubuta rahoto, a karɓi shaida, a bibiya? Lambar gaggawa ta jihar nan, 767 ko 112, kyauta ce, amma ku tambayi mutum goma a rumfarku ku ji nawa suka san ta. In ba ma kai ƙara, a takardar hukuma ba a taɓa yi mana sata ba. Sunanmu yana shiga ne kawai ranar da ake zargin namu.

Yanzu ga wadda ta fi damuna, kuma da ku nake, samari 'yan uwana. Da dare bayan abin ya faru, wasu suka ce daga yau duk ɓarawon da aka kama a kasuwa ba za a bari ya kai ofis ba, a gama da shi nan take. Wallahi ku kiyayi wannan. Mu ne mutanen ƙarshe da ya kamata su so hukuncin titi, domin a garin da kake baƙo, ihun “ole! ole!” ya fi saurin faɗawa kanka. Masu taya da fetur ba sa tambayar shaida. A watan Maris na 2025, a Uromi ta jihar Edo, mafarauta 16 'yan Arewa da ke hanyar komawa gida yin sallah aka tare, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe su. A 2012 ɗalibai huɗu na jami'ar Fatakwal aka yi wa haka a Aluu da sunan sata, su kuwa ba ma Hausawa ba ne. Da wane baki za mu yi kukan Uromi in mu ma muna yi a bayan rumfa? Ban da haka, kun san yadda abu kaɗan yake zama wuta a nan. Kasuwar Sasa ta Ibadan daga cacar baki aka fara a Fabrairun 2021, aka ƙare da gawarwaki da toka. Mu kanmu a Mile 12 mun ga namu a 2016, har aka rufe kasuwa. Ku doki ɓarawo ɗaya ya mutu, gobe a ce Hausawa sun kashe ɗan gari, su wa za a ƙona wa shago? Iyayenmu da suka yi shekara talatin suna tarawa.

In an kama shi, a riƙe shi, a ɗauki hotonsa, a kira shugaban kasuwa, a miƙa shi gaban shaidu. Ko da an sake shi jibi, asarar ba ta kai waccan ba.

Ɗan uwan nawa yana samun sauƙi, sai dai har yanzu ko ƙofar kasuwa ba ya son fita, yana ta cewa a sa shi a motar da za ta koma gida. Kuɗin kuma an ce za a raba asarar biyu tsakanin Baba da mai kayan. Ranar Juma'a in Allah Ya kai mu, bayan an sauko, zan tayar da maganar samarin rakiya a gaban shugabanni. Na san za a ce yaro ne ya cika rawar kai, don haka duk wanda ya yarda da ni ya daure ya zo ya tsaya kusa, kada a bar ni ni kaɗai.

Wassalam.