FILIN TATTALIN GIDA: Kafin Mu Sayi Tsohuwar Mota Mai Shan Gazuwal

A wannan fitowa za mu tattauna a kan wani ciniki da kan lashe tarin shekarun magidanci a wuni ɗaya, wato sayen tsohuwar mota mai dogon baya, irin wadda ake kira "break" ko "familiale" da Faransanci, musamman mai shan gazuwal wadda ta riga ta ci dogon zango a Turai kafin a sauke ta a tashar jiragen ruwa ta Lome.

Dalilin da ya sa zuciyar magidanci ke karkata ga irin wannan mota a fili yake. Gidajenmu na Sokode da Dapaong gidajen jama'a ne, zumuncinmu kuma ya bazu daga Bafilo zuwa Kara, daga Mango zuwa Sinkase. Yau suna, gobe biki, jibi ta'aziyya. Daga Sokode zuwa Lome kimanin kilomita 340 ne, daga Dapaong kuwa ya haura 600. Motar da za ta kwashe iyali, ta kuma ɗauki buhun masara da doyar Bassar a bayanta, abin so ce. Ga shi injin gazuwal ya fi takwaransa na fetur tattalin mai a doguwar tafiya, yana kuma da ƙarfin jan kaya a hawan tudu irin na Aledjo da Defale. Manyanmu har yau suna yabon Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, ta kuma yi shekaru tana jigilar mutane a hanyoyin Afirka ta Yamma. Sai dai motar gazuwal ta yau da waccan sunansu ne kawai ɗaya.

Daga ina motocin suke fitowa?

A nan Togo muna kiransu "venues de France", 'yan uwanmu na arewacin Najeriya kuma suna cewa 'yan Baljiyam, domin da yawansu daga unguwar Heyvaert ta Birnin Brussels ake tattara su, a loda su a tashar Anvers. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a watan Oktoba na 2020, inda ta bayyana cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan tsofaffin motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari kuma Afirka suka nufo. A wannan shekarar ce kuma masu bincike na gwamnatin Holand suka duba motocin da ake fitarwa daga ƙasarsu zuwa Afirka, suka tarar yawancinsu shekarunsu tsakanin 16 da 20 ne, da dama kuma ba su da takardar shaidar lafiya mai aiki.

Tun bayan da aka bankaɗo maguɗin kamfanin Volkswagen game da hayaƙin motocinsa a watan Satumba na 2015, darajar gazuwal ta yi ta faɗuwa a Turai, birane irin su Faris da Brussels suka shiga hana tsofaffin motocin gazuwal shiga cikinsu. Saboda haka akwai wadda mai ita ya rabu da ita lafiyarta ƙalau, doka ce kawai ta kore ta. Akwai kuma wadda aka sayar don kuɗin gyaranta ya fi kuɗinta. Su biyun a fili ɗaya ake jera su a Lome, an wanke su suna sheƙi. Aikin mai saye shi ne rarrabe su.

Mita ba ta rantsuwa

Kakanninmu fatake da suka bi hanyar goro ta Didaure da Mango zuwa Gwanja, idan za su sayi jaki ba su tsaya ga maganar mai shi ba, bakinsa suke buɗewa su duba haƙori. Haƙori ba a iya mai da shi baya, mitar mota kuwa ana iyawa, da ƙaramar na'ura cikin 'yan mintoci. Majalisar Tarayyar Turai da kanta ta ƙiyasta a 2018 cewa kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na tsofaffin motocin da ake sayarwa daga wata ƙasa zuwa wata an taɓa mitarsu.

Mu yi lissafi mai sauƙi. Bature ba ya sayen motar gazuwal mai dogon baya sai don yawan tafiya. Idan motar ta shekara 15, tana cin kilomita 15,000 kacal a shekara, ya kamata mitarta ta nuna 225,000. In muka ga 90,000, sai mu nemi hujja. Hujjar tana cikin littafin gyara, da takardun binciken lafiyar mota na can, waɗanda a Faransa ake yi duk bayan shekara biyu ana kuma rubuta kilomita a kansu, ko takardar Car-Pass da Baljiyam ta wajabta tun 2006. A duba 'yar takardar juyen mai da ake liƙawa a gefen ƙofa ko cikin inji. A duba sitiyari, da kan giya, da robar kuloci, da gefen kujerar direba: in sun siɗe ƙwarai alhali mita na cewa motar yarinya ce, a gaskata kujera.

Yawan kilomita shi kaɗai ba aibi ba ne. Injin da ya ci 300,000 a kan babbar hanya, ana yi masa juye a kan kari, ya fi wanda ya ci 150,000 a cunkoson gari ba kulawa. Abin tsoro shi ne motar da ba a san tarihinta ba.

Gazuwal iri biyu

Akwai tsohon zubi, irin na Peugeot 504 da 505 da Marsandi ta shekarun 1980, mai famfon mai na ƙarfe zalla, ba kwamfuta. Yana da ƙara, ba shi da gudu, amma yana jure mai maras kyau, bakanikenmu kuma ya san cikinsa da bayansa. Matsalarsa tsufa: tsatsa ta ci jikinsa, kayan gyara na asali sun yi wuya.

Akwai kuma sabon zubi, wanda ya yaɗu daga ƙarshen shekarun 1990, mai alamar HDi a Peugeot, dCi a Renault, D-4D a Toyota, CDI a Marsandi. Wannan yana tura mai cikin nozul da matsi mai tsananin ƙarfi ta ƙofofi masu siranta kamar gashi, kwamfuta ce kuma ke sarrafa shi. Ɗan ruwa ko ƙura ko kananzir a cikin mai ya isa ya kashe nozul da famfo, kuɗinsu kuwa kan kai wani babban kaso na kuɗin motar. Wanda ya sayi irin wannan, to ya yi ban kwana da man kwalba na bakin titi. An sami ci gaba ta fuskar doka: a watan Disamba na 2016 Togo da Benin da Gana da Najeriya da Kodebuwa suka amince su daina karɓar gazuwal mai yawan farar wuta daga Turai, a 2020 kuma ƙungiyar CEDEAO ta tsayar da ma'auni ɗaya ga ƙasashenta. Amma dokar ba ta bin mai cikin jarka.

Sa'an nan ga matatar hayaƙi da ake kira FAP, wadda Peugeot ta fara sakawa a ƙirar 607 a shekarar 2000, ta kuma zama ruwan dare daga wajen 2010. Tana tara baƙin hayaƙi, ba ta kuma ƙone shi sai salansa ta yi zafi a tafiya mai ɗorewa. Motar da aikinta daga gida zuwa kasuwa ne, daga kasuwa zuwa makarantar yara, matatarta toshewa za ta yi, ƙarfin inji ya ragu. Don haka mu tambayi kanmu tsakani da Allah: tafiyarmu mai nisa ce a kai a kai? In ba haka ba, ƙaramar mota mai fetur ta fi mana kwanciyar hankali.

Ranar dubawa

Kada a yi cinikin biri a sama. Hoton da aka turo ta waya ba ya nuna hayaƙi, ba ya jiyar da ƙara. Mu je da kanmu, mu tafi da bakanikenmu, wanda shi ne zai riƙa gyaran motar a Sokode ko Dapaong, mu biya shi ladan ranarsa. Bakaniken da dillali ya kawo, na dillali ne. A kuma tambaye shi tun kafin tafiya: wace ƙira ce yake da na'urar bincikenta, wace ce kuma ake samun kayanta ba sai an aika Lome ko Kwatano ba?

A isa da sassafe, a taɓa injin a tabbatar da sanyi yake, domin injin da ya gaji a farkon tashi yake tona asirin kansa. Idan ya daɗe yana gunji kafin ya kama, alama ce. A tsaya a bayan motar a dubi hayaƙi. Baƙi mai kauri yana nuna matsalar nozul ko ƙarancin iska. Shuɗi yana nuna injin na ƙona baƙin mai, ko ta zoben fistan ko ta turbo. Fari wanda bai ɗauke ba bayan injin ya ɗumama yana iya nuna ruwa na shiga inda bai kamata ba. A buɗe murfin baƙin mai: in an ga abu kamar kindirmo a ƙarƙashinsa, ruwa ya gauraya da mai, in kuma hayaƙi na bugowa da ƙarfi yayin da injin ke aiki, garambawul ya kusa.

A shiga ƙarƙashin motar da tocila. Turawa na zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, gishirin kuma na cin ƙarfe daga ƙasa. A ɗaga shimfiɗar baya a duba gurbin tayar safiya. In akwai ƙugiyar jan tirela, a san cewa kuloci da sifirin na baya sun sha wahala. A lura da robar ƙofar baya, domin a irin wannan mota in robar ta mutu hayaƙi kan dawo ciki, wurin da yara ke zama. Hukumar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin gazuwal cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji tun watan Yuni na 2012. Daga nan a hau hanya da mutane a ciki, a nemi tudu, a sa ido kan allurar zafi, a gwada birki. Mai motar da ya hana gwaji ya riga ya ba mu amsa.

Takardu da kuɗi

Lome mashiga ce ta motocin da ke wucewa Burkina Faso da Nijar da Mali, waɗanda ba a biya musu kuɗin duwan na Togo ba. Wanda aka tallata wa mota da arahar da ta wuce hankali, ya fara tambayar takardar duwan, ya kuma tabbatar da ita a ofishin OTR, hukumar da ta haɗa duwan da haraji tun 2014. Lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 dole ta zama ɗaya a jikin mota da kan kartagiriz da takardar duwan. A sauya suna zuwa na mai saye ba tare da jinkiri ba, a yi binciken lafiyar mota, a biya harajin TVM, a yanki asuransi kafin taya ta taɓa kwalta. Masu ƙetarawa ta Sinkase su tambayi kamfanin asuransinsu abin da takardarsu ta ƙunsa a hayin iyaka, ganin Burkina Faso ta fice daga CEDEAO a watan Janairu na 2025.

Shawararmu ita ce kada a zuba duk abin da aka tara a kan farashi. A ware aƙalla kashi ɗaya cikin biyar don makon farko: bel ɗin da ke daidaita tafiyar inji tare da famfon ruwa, domin in ya tsinke a kan hanya injin ne ke tafiya, juyen mai da dukkan matatu, tayoyi, waɗanda shekarar ƙirarsu ke rubuce a gefensu, da kayan birki. A lokacin hunturu kuma matatar iska na bukatar dubawa a kai a kai saboda ƙura. Kuɗin makarantar yara da jarin kasuwa ba kuɗin mota ba ne. A zauna da uwargida a yi lissafin tare, domin ranar da mota ta kwanta a gareji, tukunyarta ce ke fara ji. Haƙuri da adashi na wata shida ya fi bashin ruwa da zai bi mutum shekaru.

Addininmu ya yi wa ciniki iyaka. Ɓoye aibin haja da mai da mita baya algus ne, malamanmu na Malikiyya kuma sun yi bayanin haƙƙin mai saye na mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa. Amma haƙƙi ba ya tabbata sai da shaida. A rubuta yarjejeniya, a sa lambar shasi da farashi da kilomitar da mai sayarwa ya ambata, da la'adar dillali, shaidu biyu su sa hannu, ko da ɗan uwa ne na jini. Mu kuma tuna cewa wata rana mu ne za mu sayar da motar nan; abin da muke so a gaya mana yau, shi za mu gaya wa wanda zai karɓa daga hannunmu.

Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida. Nagari a nan ita ce wadda aka san tarihinta, bakanikenmu ya iya ta, takardunta suka cika, aljihunmu kuma zai iya ciyar da ita. In an same ta, kada a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, a ɗaure bel, a guji tafiyar dare in ba dole ba, domin abin da ke cikinta ya fi ta tsada.

Allah Ya sa albarka a cikin abin hawanmu, Ya tsare mu da iyalanmu daga sharrin ƙarfe, Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda. Wassalamu alaikum.