Kafin Ka Tura Wannan Bidiyon

Kana zaune kana latsa waya, sai ga bidiyo a gurup ɗin 'yan ajinku. Wata yarinya ce da aka kuɓutar daga hannun 'yan bindiga, an kanga mata waya a fuska, wani na ta jero mata tambayoyi. Kwana nawa kika yi? Me suka yi miki? Ita kuwa idonta na ƙasa. Ka ji tausayi, ka rubuta "Allah sarki", ka tura wa gurup uku. A ranka taimako ka yi.

Ni ma na taɓa turawa, ba zan ɓoye maka ba. Amma wa ya nemi izininta? Bidiyon nan zai riga ta isa unguwarsu. Zai kai ga ƙawayenta na Islamiyya, ya kai ga dangin duk wanda zai zo neman aurenta nan da shekara biyar. Mun dai ga yadda aka yi wa wasu matan da suka dawo daga hannun Boko Haram a Borno, har "annoba" ake kiran su, ana gudun 'ya'yan da suka haifa a daji.

Bari in kai ka Kanada, inda aka gwada wata hanya daban. Sama da shekara ɗari gwamnatin ƙasar da coci-coci suna raba yaran 'yan asalin ƙasar da iyayensu, a kai su makarantun kwana, a hana su yarensu. Kimanin yara 150,000 ne suka shiga, da yawa an dake su, an ci zarafinsu, dubbai kuma ba su koma gida ba. Daga 2008 zuwa 2015 hukumar gaskiya da sasantawa ta saurari mutum sama da 6,000. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda aka saurare su. Mutum shi zai zaɓa, ya yi magana a bainar jama'a ko a keɓe. Akwai masu kwantar da hankali da dattawan ƙabilu a kusa. A manyan tarukan ma, takardun da mutane suka share hawaye da su ba a zuba su a kwandon shara, tattarawa ake yi a ƙona a wutar da suke girmamawa a al'adarsu. Wato ko hawayen mutum ba a bari ya wulaƙanta ba.

Akwai Phyllis Webstad. Tana shekara shida, a 1973, kakarta ta saya mata sabuwar riga mai ruwan lemo ta shiga makaranta. Ranar farko aka tuɓe mata ita, ba ta sake ganinta ba. Sai a 2013 ta ba da labarin a gaban jama'a, kuma daga nan aka samo ranar saka riga ruwan lemo, 30 ga Satumba. Shekara arba'in fa! Mu kuwa so muke yarinya ta zayyana mana komai kafin ta ko yi wanka.

Za ka ce in ba a yaɗa ba hukuma ba ta motsi. Da gaskiyarka, hayaniyar intanet ta taimaka aka san da 'yan matan Chibok 276 a 2014. Amma ana iya matsa wa hukuma ba tare da fuska da sunan wadda aka cuta ba. Faɗi garin, faɗi ranar, ka tambayi me aka yi. Fuskarta ba ta ƙara wa hujjarka komai.

In kuma ƙawarki ce ta buɗe miki cikinta, 'yar'uwa, riƙe "ki yi haƙuri" ɗin nan tukuna. Haƙuri abu ne mai kyau, amma in ya zo da wuri, abin da take ji shi ne "yi shiru". Kada ki tambaye ta me ya kai ta wurin. Ki ce kin yarda da ita, ki tambaye ta me take so a yi. In fyaɗe ne, lokaci na da muhimmanci, domin maganin kariya daga cutar HIV cikin awa 72 ake fara shi. A Kano akwai cibiyar Waraka, a Kaduna akwai cibiyoyin Salama. Ki ce mata, "In raka ki?" In ta ce ba ta son kowa ya ji, to ko babbar aminiyarki kada ta ji.

Bidiyon nan kuma yana nan cikin wayarka. Goge shi, sannan ka yi wa wanda ya turo magana ta bayan fage.