A Tsare Ƙofar Gida, Ba Ɗaki-ɗaki Ba

Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, nauyi ya ƙaru a kan magidanci a Riko ta ƙaramar hukumar Jibiya. Da datarsa yake biyan tallace-tallacen da bai nema ba, har da na caca da ke faɗo wa yara.

Shawarata ita ce a tare su tun daga na'urar da ke raba intanet a gidan. Kowace waya sai ta tambayi DNS adireshin shafi kafin ta buɗe shi. Idan aka sa lambar AdGuard, wato 94.140.14.14, a saitin na'urar, adireshin masu talla ba zai samu ba. Mai tsayayyar wuta yana iya ɗora Pi-hole a kan Raspberry Pi. Tallan YouTube dai zai tsallake, domin tushensu ɗaya da bidiyon.

Sai dai wannan shinge bai san shafin jarida daga na 'yan damfara ba, alhali da talla ake biyan 'yan jarida albashi. A ganina, wanda ya toshe talla, haƙƙi ne a kansa ya sayi jaridar da yake karantawa.