RA'AYINMU: Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo

A ƘARSHEN kowane wata, ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun, kamar sauran takwarorinsu na ƙasar nan, sukan tattara fama-faman da aka cike a asibitoci da ɗakunan shan magani, su zuba alƙaluman a cikin wata manhajar kwamfuta mai suna DHIS2. Da waɗannan alƙaluma ne hukuma take sanin yawan yaran da aka yi wa rigakafi, da matan da suka je awon ciki, da masu zazzaɓin cizon sauro.

Ita wannan manhaja buɗaɗɗiya ce, watau an bayyana dukan rubutun da aka gina ta da shi, kowa yana da izinin ya duba, ya yi aiki da ita kyauta, ya kuma ba da gyara. Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ce ke jagorancin raya ta. An fara aiki da ita a Jihar Kerala ta Indiya a 2006, yanzu kuwa ƙasashe fiye da 70 ne suke amfani da ita.

Abin da ya dame mu shi ne halin da yawancinmu muke nunawa idan irin wannan manhaja ta sami tangarɗa. Sai ma'aikaci ya ce "na'ura ta ƙi", ya kashe ta ya kunna, in abin ya faskara ya koma kan takarda, ba tare da ya rubuta wa kowa kome ba. Wanda ya ƙoƙarta ya kai kuka ma, sau da yawa abin da zai aika bai wuce "ba ta aiki, a taimaka" ba. Haƙiƙa irin wannan saƙo ba ya gyara kome.

Mutanen wannan yanki ba baƙin wannan darasi ba ne. Tun da aka gama ginin madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, manoman rani sun san bambancin mutumin da ya ce "ruwa ba ya zuwa" da wanda ya faɗi sunan magudana, da ƙofar da ta toshe, da ranar da ruwan ya ɗauke. Na farko sai injiniya ya yini yana yawo a bakin gonaki. Na biyu kuwa ya riga ya yi rabin aikin. Haka abin yake ga manhaja, sai dai shi mai gyaranta yana can wata uwa duniya, ba shi da idon da zai ga abin da ya faru sai ta rubutun mai kai rahoto.

Saboda haka rahoto mai amfani tilas ya ƙunshi abubuwa huɗu. Na ɗaya, matakan da mutum ya bi, ɗaya bayan ɗaya, tun daga buɗe manhajar har zuwa inda ta cije, yadda wani zai bi su ya ga abin da idonsa, gama ciwon da likita bai gani ba da wuya ya yi maganinsa. Na biyu, abin da aka sa rai zai faru da kuma abin da ya faru. Misali, an shigar da yara 45 na asibitin Jangebe an adana, amma da aka buɗe jimlar wata sai aka tarar da sifiri. Na uku, lambar fitowar manhajar, da irin na'urar, waya ce ko kwamfuta, da ko akwai intanet a lokacin. Na huɗu, saƙon da na'urar ta nuna, a kwafe shi harafi da harafi ko a ɗauki hotonsa, kada a faɗe shi da ka.

Kafin a aika, wajibi ne a gwada a wata na'urar, a kuma tambayi abokin aiki na Bakura ko Maradun ko shi ma ya gamu da haka. Ta nan ake gane ko laifin na layin sadarwa ne, ko na yadda aka tsara fam ɗin a Abuja, ko kuwa na manhajar kanta, domin kowanne da mai gyaransa. A rubuta tangarɗa ɗaya a rahoto ɗaya. A raba abin da aka gani da abin da ake zato. A yi magana da ladabi, domin da yawa daga masu hidimar buɗaɗɗun manhajoji 'yan sa-kai ne, kuma in sun nemi ƙarin bayani a amsa da wuri. Fiye da kome, kada a kuskura a tura hoton da ke ɗauke da sunan majiyyaci ko cutarsa, gama wannan amana ce.

Wani zai ce ai akwai waɗanda suka fi mu ilmin abin, su za su gano. Mu ba mu yarda da haka ba. Mai rubuta manhaja a Oslo bai taɓa zama a ofishin da wuta take ɗaukewa ana tsakar adana bayani ba. Bai ga abin da ma'aikatanmu suka gani ba a watan Satumba na 2021, sa'ad da aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda sha'anin tsaro. Mai yiwuwa ne kuma bai taɓa gwada neman suna mai ƙ ko ɗ ko ɓ ba. Tangarɗar da ba ta bayyana sai a irin yanayinmu, in ba mu faɗa ba, haka za ta zauna. Annobar sanƙarau da ta addabi wannan jiha a 2017 kuwa ta isa ta tuna mana cewa isar alƙaluma a kan kari batu ne na rai da mutuwa.

Bisa ga haka muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jiha da ta fitar da fam guda, da Hausa da Turanci, na kai irin wannan rahoto, ta kuma bayyana jami'in da zai karɓa ya miƙa gaba. Shugabannin sassa su daina kallon mai kai rahoto a matsayin wanda ya kasa aikinsa. Ɗaliban kwamfuta na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara su ma su sani cewa rubuta rahoto mai tsabta ita ce ƙofar farko ta shiga ayyukan buɗaɗɗun manhajoji, kuma ba ta bukatar jari sai natsuwa.

Mun karɓi waɗannan kayan aiki kyauta. Mafi ƙarancin abin da ya hau kanmu shi ne mu nuna inda suke yoyo, mu kuma nuna shi daidai.